An Kwashe Juji, An Kwashe Kwatance

Sau uku tsohuwar tana zagaya unguwar da jaka a kai, sannan ta tsaya gaban wani mutum a kan sabon benci.

"Bawan Allah, ina babban jujin nan? Daga shi nake shan kwana zuwa gidan 'yata. Jiya ta haihu."

"Sabon magajin gari ya kwashe shi, Iya. Da shara ya fara. Ga furanni ya shuka."

"Furanni! Shekara tara hancina ke kai ni ƙofar gidan. Wa ya aike shi?"

"Ai ya sa wa gidaje lamba."

"To, kai ɗan unguwa, raka ni."

Mutumin ya sosa ƙeya. "Zauna tukuna, Iya. Ni ma matata nake jira ta zo ta kai ni gida."