Allurar Maigidana a Firjin Ladidi

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Maman Sadiya ce daga Sharaɗa.

Maigidana direba ne a wani kamfanin roba. Ciwon suga ya sa tafin ƙafarsa yana zugi kamar ya taka garwashi, wani lokacin ko birki ba ya jin ya taka. Likita ya ɗora shi a kan allurar insulin, ya ce za ta kare jijiyoyin kada su mutu, amma a ajiye ta a wuri mai sanyi.

Mu kuwa wuta sai ta ga dama. Sai ya kai allurar firjin maƙwabciyarmu Ladidi, bazawara mai sayar da zoɓo, don tana da sola. Safe da yamma yana can, ya dawo yana murmushi! Da na yi magana sai ya ce, "Haba, so kike ƙafata ta mutu?"

Wallahi ba na so. Don Allah likitan shirinku ya faɗa mini, sanyin randa zai iya riƙe allurar nan? Ƙafa dai ta samu sauƙi, alhamdu lillahi, amma ta haddace hanyar gidan Ladidi.