Wankan Jegon da Na Yi Ta Waya

Ina gaishe ku duka cikin sunan Yesu Almasihu, wanda numfashinmu ke hannunsa. Iyayena mata, ƙannena da 'ya'yana, salamarsa ta zauna tare da ku.

Sunana Saratu, amma a nan Tungan Maje Maman Godiya kowa ya sani. Uwar zumunta ta daɗe tana bi na in rubuta wannan shaida don takardarmu ta mata, ni kuma ina ta ja da baya, domin duk sa'ad da na tuna watannin nan sai in ji gajiyar ta dawo mini har cikin ƙashi. Yau dai na zauna.

Godiya ita ce 'yata ta fari. Tana Ingila da mijinta Bitrus, shi yana karatu yana kuma aikin kula da tsofaffi. Cikinta na farko ya zube tana can ina nan, ban iya yi mata komai ba sai kuka a waya. Don haka da ta sake samun ciki, a shekara ta biyu ta korona, na ce wa babanta ko da ƙafa ne sai na je.

Ku mata kun san abin da nake nufi. Haihuwar fari, a ƙasar sanyi, babu uwa babu inna. Wa zai dafa mata ruwa? Wa zai gasa mata jiki, ya dama mata kunu, ya karɓi jariri ta samu ta runtsa? Uwata ta yi mini, ita ma tata uwar ta yi mata. Abin da na sa a gaba ke nan, kada yarinyar nan ta yi jego ita kaɗai.

Biza ta fito ba wata wahala. Tikiti kuma muka yanka a wurin Malam Nasiru, wani mai sayar da tikitin jirgi da ke da ofis a saman bene kusa da kasuwar Gudu. Baban Godiya ya san shi tun yana aiki a ma'aikata, lokacin da yake zuwa karɓo wa ogoginsa tikiti. Na haɗa akwati: daddawa, kuka, yajin jego, busasshen kifi, zannuwan goyo. Na ajiye shi a falo bakin ƙofa.

Saura kaɗan in tashi sai saƙo ya shigo waya cewa an soke jirgin.

Ban yarda da waya ba. Na hau keke zuwa Zuba, na shiga bas, na sauka na sake shiga wata, takunkumi a fuska ina ta gumi, har Gudu. Malam Nasiru ya ce ai da na kira shi da ya hutar da ni. Na ce ni sai na ga fuskar mutum nake gane magana. Ya zaunar da ni ya yi mini bayani a hankali, cewa fasinja sun yi ƙaranci, shi ya sa ake haɗa jirage biyu su zama ɗaya. Ya ce kada in yarda in soke tikitin gaba ɗaya don fushi, in bari ya matsar mini da rana kawai. Na ce to.

Ya matsar. Aka sake sokewa. Ya sake matsarwa. Sai kuma ƙasar da kanta ta rufe ƙofa ga masu zuwa daga nan, wai wani sabon nau'in ciwon ya ɓullo. Daga nan na daina riƙe ranaku a kaina. Matakalar benen nan kuwa, har na san wadda ta tsage.

Abin da ya fi ci mini rai ba ma hanyar ba ce. Na riga na yi sallama da kowa a unguwa. Duk sa'ad da na fito shanya daddawa da kifi don kada su yi fumfuna, sai maƙwabciyata Iya Bose ta leƙo ta katanga da Hausarta, wai, “Mama Godiya, kai ka dawo ne? Ina tsaraba na London?” In yi dariya, in shiga ɗaki in share hawaye. Baban Godiya ma bai bar ni ba, ya ce akwatin nan ya kamata a fara ba shi albashin mai gadi.

Ina addu'a, amma gaskiya addu'ata ta koma abu guda: Ubangiji, kujera a jirgi. Safe kujera, yamma kujera. In na buɗe baki zan yi godiya ma, sai in ji ƙorafi ne ke fitowa. Can kuma cikin Godiya yana ta tsufa, ba ya jiran kowa.

Da aka buɗe ƙofa, Malam Nasiru ya samo mini wuri. Ya ce sai an yi mini gwaji dab da tafiya, in gwajin bai fito da kyau ba, ba mai barina in shiga jirgi. Sannan ya dube ni ya ce, “Mommy, daga yau ki ɓuya. Ba kasuwa, ba biki. Ko coci ki yi haƙuri.”

Na ɓuya kuwa. Amma kun san al'adarmu. A zumuntar nan ba a barin mace ta yi doguwar tafiya ba a yi mata rakiyar addu'a ba. Da yamma bayan taro sai ga ku, cikin zanen zumunta, da tulu da kacau-kacau, kun cika mini falo har baranda. Takunkumi kowa ya sauke shi ƙarƙashin haɓa, don ba a waƙa da baki a rufe. Aka ɗora mini hannu, aka rungume ni ɗaya bayan ɗaya, kowa da saƙonta ga Godiya. Baban Godiya ya tashi shiru ya buɗe tagogi. Na tuna maganar Malam Nasiru, amma ta yaya zan rufe ƙofa ga matan da suka zo yi mini addu'a?

Ban rubuta wannan don in ɗora wa kowa laifi ba. Har yau ban san inda na kwaso ciwon ba, wataƙila a bas ne. Da za ku sake zuwa, da na sake buɗewa.

Gwaji ya fito ina da korona.

Na kira Malam Nasiru. Ya ce Allah ya ba ni lafiya, tikiti ba ya gudu, zai bar shi a buɗe ba rana. A lokacin ma ba na jin komai a jikina, har ina cewa na'urarsu ce ta yi kuskure. Washegari na buɗe akwatin nan, na sa hanci cikin daddawa, ban ji warin komai ba. Nan na gane ba kuskure ba ne.

Zazzaɓi ya biyo, tari ya biyo. Ga hawan jini da na daɗe da shi. Numfashi ya zama aiki, kamar ina jan ruwa daga rijiya mai zurfi da guntun igiya. Aka kai ni inda ake killace masu ciwon, aka sa mini robar iska a hanci. Ma'aikatan sun yi ƙoƙari, Allah ya saka musu, amma ba ka ganin fuskar kowa sai ido. Ina kwance a can Godiya ta haihu, mace. Babanta ne ya gaya mini ta waya. Ita kuma an ɓoye mata halin da nake ciki, aka ce mura ce kawai.

Ubangiji ya tashe ni daga gadon nan. Wasu da muka kwanta tare ba su fito ba. Ni na fito, ba don na fi su komai ba. Yabo ya tabbata gare shi!

Amma na dawo gida kamar tsumma. Daga gado zuwa ƙofa sai na huta a hanya. Likita ya ce maganar doguwar tafiya a ajiye ta tukuna. In na kira Godiya ta bidiyo, sai in ga fuskarta a kumbure, ga biredi da shayi a gefe, jaririya tana tsala kuka, nono bai kawo sosai ba. Ta ce lafiya lau take. Ni na haife ta, na san lafiya lau ɗin da ba lafiya ba ce. Abin da na yi ta gudu ya same ni ina kallo.

Wata rana da azahar na sauko daga gado zan durƙusa, gwiwa ta ƙi, sai na zauna dirshan a ƙasa. Ban yi waƙa ba, ban yi doguwar magana ba, ba ni da numfashinta. Na ce, “Ya Uba, na gaji. Na roƙe ka kujera har bakina ya bushe. Na bar maganar kujera. Ka ba yarinyar nan hannu kawai, ko na wane ne.”

Da yammar ranar wayata ta yi ƙara. Bitrus ne, da tasa lambar.

Tun da ya auri Godiya, tsakanina da shi gaisuwa ce. Ya rusuna ya gaishe ni, in amsa ina kallon gefe. Ko a waya, sai dai ta miƙa masa ya ce ina wuni Mama, ya mayar mata. Haka muka tashi muka gani tsakanin surukai. Har na ɗaga wayar zan miƙa wa babanta, sai na ji muryarsa tana rawa.

Ya ce, “Mama, ki gafarce ni, na san bai dace ba. Godiya ba ta ci, ba ta barci. Ki koya mini abin da za ki yi mata da kina nan.”

Na ce ya nemi wata mace a cocinsu. Ya ce ya nema. Su baƙi ne a garin, matan da suka sani duk ma'aikatan jinya ne masu yini cikin marasa lafiya, ba wadda ta yarda ta shiga gidan jariri. Na ce zan kira shi, na kashe.

Na zauna ina ta juya abin. Ni in buɗe baki in gaya wa surukina yadda ake gasa wa mace jiki bayan haihuwa? Da wane ido zan sake kallonsa? Baban Godiya yana bakin ƙofa, ashe ya ji addu'ata ta rana. Ya ce, “Kin ce ko na wane ne. An ba ki, kina kuma duba na wane ne?”

Na ɗauki waya.

Ranar farko na kifa wayar a kan katifa don kada mu ga juna, ina magana ina kallon silin. In na zo wurin da bakina ya yi nauyi sai in ce, “Can wajen,” shi kuma ya ce, “To, Mama.” Tukunya babu, butar lantarki ya yi ta dafawa yana juyewa a bokiti. Tawul ya zama ganyenmu. Ya ce ungozomarsu ta hana ruwa mai ƙuna, a gwada da gwiwar hannu tukuna. Na so in yi gardama, sai na ga ba ni da ƙarfinta, na ce a bi tata.

Kunun gyaɗa kuwa, da niƙaƙƙiyar gyaɗa ta kwalba ya yi shi. Na farko da ya ɗaga mini a bidiyo, cokali yana tsaye a tsakiya kamar an dasa shi. Na ce wannan ai sai dai a yi ginin coci da shi. Sai na ji dariya daga cikin ɗaki. Godiya ce. Tun da ta haihu ban ji dariyarta ba sai ranar.

Haka muka yi ta yi, safe da yamma, kafin ya tafi aiki da bayan ya dawo. Farfesun kaza, yadda ake tallabe kan jariri a ruwa, yadda ake kula da cibiya. Wani lokaci tari ya sarƙe ni, ya tsaya da jaririya a hannu yana jira in gama. Wani lokaci shi ne ke gyangyaɗi a tsaye. Nono ya kawo. Kumburin ya sauka. Ni ma, ina kallonta tana shan kunu sai na ji ina sha'awar abinci, na ce a dama mini.

Sai da jaririya ta fara zama likita ya sake ni. Malam Nasiru ya sa mini rana, ya ce wannan karon in jirgi ya ƙi tashi shi zai goya ni. Jirgi ya tashi.

Na isa da niyyar aiki. Washegari da safe na ɗaura zani, na haɗa ruwa, na karɓi Alheri, haka suka sa mata suna, zan yi mata wanka. Yarinya ta ƙanƙame jiki ta sa kuka, tana miƙa hannu wajen ubanta. Ya karɓe ta, ya tallabe kanta daidai yadda na koya masa, ta yi shiru. Godiya ta kama hannuna ta zaunar da ni a kujera, ta rufa mini bargo, ta kawo mini kunu mai zafi. Ta ce, “Mama, an riga an yi. Ki huta.”

Ban san lokacin da barci ya ɗauke ni ba, da kofin a hannuna. Rabona da irin wannan barci tun kafin a soke jirgin farko.

'Yan'uwa, na gode wa Yesu da ya mayar mini da numfashina. Na gode masa da bai bar 'yata ita kaɗai ba, ko da yake ba ta hanyar da na tsara ba. In akwai wadda ta gaji a cikinku, har addu'a ta gagare ta, ki zauna a ƙasa yadda kike ki gaya masa kin gaji. Yana ji. Ki dogara gare shi, kuma in ya aiko da hannun, ki karɓa.

Amin.