Hayaƙin da Yake Kwana a Kwarinmu

Salama a gare ku 'yan'uwa, cikin sunan Yesu Mai Cetonmu. Ku ce amin da ƙarfi!

Sunana Rahila, matar Bitrus. Ƙauyenmu yana gefen Ruma, cikin kwari, dutse gabas, dutse yamma. Ƙasa ce mai albarka, gero da dawa sai wanda ya gani. Da damina garau nake, ina noma kafaɗa da kafaɗa da maza. Amma da an gama girbi, sanyi ya sauko, sai ƙirjina ya kulle. In ja numfashi kamar ana busa sarewa.

Mutane suka ce jifa ne, tunda ciwon ya san lokacinsa. Ni ma na yarda. Ranar Lahadi ina sujada, ranar Litinin ina tsugune gaban kasko, na lulluɓa da zane, ina shaƙar turaren da wata tsohuwa ta haɗa mini. In fito ina tari har da hawaye, a ce mini ai mugun abin ne yake fita!

Wata safiya bayan Kirsimeti abin ya kai maƙura. Bitrus ya ɗora ni a babur, ƙanwarsa ta riƙe ni ta baya, muka nufi asibiti a Batsari. Muna kaiwa kan tudu na dafa kafaɗarsa.

"Tsaya, maigida. In tafiyar ce ta zo, bari ta same ni a durƙushe."

Suka sauke ni. Na ce, "Ya Yesu, numfashin nan naka ne. In ka bar mini, na gode. In za ka karɓa, ka riƙe mini 'ya'yana." Iyakar abin da na iya faɗa ke nan.

Ina nan durƙushe, sai na ji iska mai sanyi tana ratsa ƙirjina a hankali, a hankali. Na ɗaga kai, na waiwaya. 'Yan'uwa, babu ƙauyenmu! Hayaƙi ya rufe shi ruf, kamar an kifa faifai a kan ƙwarya. Na karan da ake ƙonawa a gonaki, na murhu, na masu gawayi a bakin daji, duk ya taru ya kwanta. Mu kuma a sama rana fes.

Bitrus ya riƙe baki. "Rahila, a cikin wancan muke kwana?"

A asibiti malamar jinya ta ce asma ce. Ta ce lokacin sanyi iska mai nauyi takan gangara kwari ta danne hayaƙin, duwatsu kuma su tare shi, ba ya tashi sai rana ta yi zafi. Da damina ruwa ne yake wanke shi. Da na ba ta labarin turaren, sai ta dafe kai.

"Haba, Mama! Hayaƙi a kan hayaƙi?"

Na yi dariya har tarin ya dawo. Ta ba ni abin shaƙa, ta koya mini yadda ake amfani da shi.

Ku ji ikon Allah. Maƙwabcinmu Malam Sule, musulmi ne, yana da fili a kan tudun nan. Da ya ji labari, da ƙafarsa ya zo. "Bitrus, je ka gina mata ɗaki can. Iskar ai ta Allah ce, ba tawa ba." 'Yan ikilisiya suka buga tubali, matan zumunta suka ɗebo ruwa, aka gama ɗakin muka koma can. Bitrus ya daina ƙona kara, shanun Fulani suke ci su bar mana taki. Wasu sun bi sahunsa, wasu har yanzu muna lallashi.

Bana sanyi ya zo ya wuce, ban kwanta ko yini ɗaya ba. Shekaranjiya na hau tudun da tulu a kai, na riga 'yata budurwa isa gida. Tana haki tana cewa, "Inna, jira ni mana!"

Haleluya! Na gode wa Yesu. Kai da kake cikin ƙunci, kada ka fid da rai. Ka kira shi, ko da kalma biyu ce ta rage a bakinka. Yana ji. Amin.