Faifan Baba Ya Miƙe

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni ce Hajara daga Roni.

Tunda mahaifina ya makance, garmaho ke ɗebe masa kewa. Bana zafin ɗaki ya lanƙwasa faifan da ya fi so, allura sai tsalle take. Baba ko hira ya daina.

Na kai wa Oga Yohanna, mai yankan gilashi a Kazaure. Ya sa faifan tsakanin gilasai biyu, ya shanya da hantsi, sannan ya danne shi a inuwa har ya huce.

Faifan ya miƙe. Da na koma gida na kunna garmahon, Baba ya ce, "Hajara, matso min da shi kusa."

Oga Yohanna, Allah ya saka da alheri. Baba ya ce ka zo Roni ku saurara tare.