Rigimar Harafin V

A garejin canza taya a wani ƙaramin gari na jihar Ohio, wani tsoho ya ƙura wa tambarin rigar matar da ke kusa da shi ido.

"'Yata, a makarantar nan mai koyar da Latin kike aiki?"

"Ni ce malamar waƙa, Baba."

"Mu muka kafa ta, a ɗakin ƙasa na cocinmu. Ni na ƙera bencinan."

"Amma babu hotonka a bango."

"Na cire abina ranar da na fita. Na ce harafin V a Latin 'wa' ake furta shi, yadda Romawa suka yi. Fasto ya ce 'va' irin na coci za a bi. Aka kaɗa ƙuri'a, har matata ta goya masa baya."

"A kan harafi ɗaya ka bar makarantar?"

"A kan gaskiya. Ban sake taka ƙofar ba, kuma ba zan taka ba, ko da jikata Maren ce za ta ba da waƙar Kirsimeti ta Latin gobe."

"Maren Stutzman? Kullum sai ta tambaye ni ko za ka zo."

"Ba zan zo ba. Bara ma kun ɓata baiti na biyu."

"Yaya aka yi ka ji, Baba?"

Tsohon ya yi tari. "Tagar makarantar ta wajen ajiye motoci ba ta rufuwa sosai."

"Gobe za a yi dusar ƙanƙara. Zan ajiye maka kujera a ciki."

"Ta can baya, kusa da ƙofa. Kuma ni da 'wa' irin na Romawa zan rera tawa."