Saiwar da Na Jiƙa a Ruwan Sanyi

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu, 'yan'uwa.

Ran Talata da ƙarfe bakwai da kwata na safe, a gidanmu da ke bayan titin Gate City Boulevard, na sha kofi ɗaya na jiƙon wata saiwa. Mu biyu ne a gidan, ni da matata Rifkatu. Ita ta ɗauka shayi ne.

Gwiwa ce ta dame ni saboda tsayuwa a wurin aiki. Wani abokin aiki ya ba ni busasshiyar saiwar maganin Sinawa, wai sunanta fuzi. Akwai rubutu a jikin ledar. Ban iya karanta shi ba, ban kuma tambaya ba.

Kuskurena uku ne. Na farko, na jiƙa ta a ruwan sanyi ta kwana, yadda kakata ke yi da saiwa a gida. Na biyu, da ruwan na haɗiyi ƙwayar ciwon zuciyata. Na uku, na ɓoye.

Kafin ƙarfe takwas leɓuna sun mutu, harshe ya yi nauyi, amai ya zo. Zuciyata ta riƙa gudu tana tsayawa. Rifkatu ta kira motar asibiti.

Can nas ta tambayi abin da nake sha. Ƙwayoyin likita kawai na ambata. Ni dattijon ikilisiya, mai tsawata wa mata kan jiƙe-jiƙe! Ina mutuwa, kunya ta rufe mini baki.

Rifkatu ta durƙusa gefen gado ta ce, "Ya Ubangiji, kai ka san abin da ke ɓoye, ka tone shi." Sai ta ɗago ta dube ni. "Baban Ladi, shekara ashirin ba ka taɓa wanke kofi ba. Wanda ka ɗauraye yau, me ke ciki?"

Na faɗa. Ledar tana aljihun rigata.

Likita ya ce saiwar dafi ce. Masu ita sai sun daɗe suna dafa ta, duk da haka tana kisa, balle a kan maganin zuciya. Nan suka san abin da za su yi. Na yi kwana huɗu a kwance. Har yau ba na hawa bene ban huta ba.

Amma ga ni a tsaye. Godiya ga Allah! Ku dogara gare shi.

Roƙona ɗaya ne. In kun koma gida yau, ku tattara kowace saiwa da gari da ƙulli, ku haɗa da ƙwayoyinku, ku kai wa likitanku. Kada ku rage ko ɗaya.