Layi Uku na Talha

A tashar Azare, motar Jama'are ta ƙi cika. Talha, malamin dabbobi, ya buɗe kwamfuta a cinyarsa yana nuna wa wani baƙo da ke gefensa.

"Malam, ka ga manhajar nan ta rigakafin shanu? Da, ba ta karɓar sunan mutum sai an rubuta yawan shanunsa. Wane Bafulatani ne zai faɗa maka yawan shanunsa? A Disina watsewa suka yi, suka bar ni da allura a hannu."

"Sai ka kira wanda ya haɗa ta?"

"In kira wa? Cikinta a kulle yake, amma an bar shafi guda da mutum zai rubuta nasa dokokin. Layi uku na canza, yanzu kwalaben magani take ƙirgawa. Garke arba'in na yi wa allura makon nan! Mai haɗa ta kuwa, wallahi bai taɓa shiga ruga ba."

"Ban taɓa ba," in ji baƙon. "Shi ya sa na bar shafin. Wata biyu ina rigima da ogana kafin ya yarda."

Talha ya tura masa kwamfutar.

"To kwafi layi ukun nan nawa, ka kai wa ogan naka."